Shekarar da Aka Shayar da Cittata

Ranar Juma'ar da ta wuce jikata Zainabu ta shigo mini gida da ƙawayenta biyu, kowace da wayar salula a hannu. Suka durƙusa suka gaishe ni, sannan ta miƙo mini tata ta ce, "Tsohuwa, buɗe idonki ki ga yadda duniya ta wuce ki."

Wata Baturiya ce a ƙasarsu ta sanyi, tana tsaye a ɗakin girkinta. Ta yanki citta ta tusa cikin tukunyar roba, ta ajiye a bakin taga. Hoton ya yi tsalle, sai ga ganye. Ya sake tsalle, sai ga ta tana zazzage tukunyar tana murmushi, citta ta cika mata hannu. Duka abin bai kai minti biyu ba.

"Kin gani? Can inda ƙanƙara ke zuba ma suna yi. Mu ma za mu fara bana. Ki ba mu iri."

Na ce, "Wata nawa ne tsakanin tusawar da zazzagewar?" Suka dubi juna. Na ce, "Tukunya nawa ta ruɓe mata kafin wannan?" Ɗaya ta ce ai ba ta nuna ba. Na ce ba za ta nuna ba kuwa.

Ban ba su iri ba ranar. Na ce su je, zan rubuta musu abin da na sani, su karanta, sannan su dawo su maimaita mini shi da bakinsu ina kallon idonsu. Rubutun da girmana na koye shi, na haura arba'in kafin in riƙe alli a ajin manya, kuma ni ce shaida cewa rubutu shi kaɗai ba ya tsare citta. Za ku ji dalili in mun kai wurin.

Da lemu-hari na fara, ruwan citta da lemun tsami, ina sayarwa a nan Gaya, inda manyan motoci ke jiran tsallaka gada. Ɗanyar cittar daga kasuwar Malanbil da ke hayin gada nake sayo ta kamar kowa. Wata rana wani direba ya kurɓa ya miƙo mini kofin, ya ce, "Gwaggo Rabi, wannan ai ruwan sukari ne aka gaya masa labarin citta. Ki je garin Tanda ki sha na tsohuwar nan ki ji." Ban je Tanda don koyo ba. Na je ne in sha, in dawo in ƙaryata shi a gaban abokansa. Na sha, ban dawo da maganar ba.

Tsohuwar ita ce Inna Bibata, Badendiya ce. An aurar da ita can kudu bayan kogi, a ƙasar duwatsu mai yawan ruwan sama, da mijin ya rasu ta dawo garinsu da ƴan yatsun citta ƙulle a gefen zane. Kowa ya ce mata citta ba ta yi a ƙasar Gaya, rana za ta dafa ta. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta tara fasassun daro a bayan ɗakinta, ƙarƙashin mangwaro, shekara bayan shekara tana zaɓen wadda ta tsira daga zafin bazara tana sake dasa ta, har irin ya saba da ƙasarmu. Wannan irin ne nake magana a kansa. Ƙanana ne yatsunsa, cikinsa rawaya, ga zare. A ido ba shi da kyau. Ta kasuwa ta fi shi ƙiba da sheƙi, amma ruwa ne cikinta, kuma in ka dasa ta nan iskar bazara ɗaya ke gamawa da ita.

Aikin da Inna ta fara ba ni ɗaukar ƙasa ne. Wata uku ban taɓa citta ba. Rairayi daga bakin kogi, kashin shanu wanda damina ta riga ta wuce a kansa, ɓuntun shinkafa daga wurin masu inji, da baƙar ƙasar gindin itace. In haɗa, in kawo mata. Sai ta damƙa a hannu ta buɗe. In ta watse nan take, rairayi ya yi yawa. In ta dunƙule ta ƙi fashewa, laka ce, a zubar. Wadda take so ita ce mai dunƙulewa, amma da ka taɓa ta da yatsa sai ta wargaje. Sau nawa ta juye mini kwando a ƙasa ta ce, "Wannan ki kai wa magina." Lakar fadamar da ke ba ku rake da shinkafa, ita ce makashin citta.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na saye a cikinsu sai wuƙa. Daro ko baho wanda ya gama aikinsa a gida. Ƙusa da za a sa a wuta a huda gindinsa, huji da yawa, ba biyu ba uku ba. Bulo huɗu da za a ɗora shi a kai don ruwa ya samu hanyar fita. Zana don inuwa. Toka. Gwangwanin tumatir da aka huhhuda don yayyafi. Fartanya ba ta zuwa kusa, hannu ne fartanyar. Kuma faɗi ake nema, ba zurfi ba, don citta ba nutsawa take yi kamar rogo ba, gefe take tafiya tana haifar yatsu. Wanda ya dasa ta a bokiti mai tsawo ya ɓata ƙasarsa ne kawai.

Ranar yankan iri mu biyu ne a gaban Inna, ni da Mariyama ƴar garin Bana, wadda ta riga ni zuwa da wata ɗaya kuma har yau tana tuna mini. Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari ya fara leƙowa daga kudu yana komawa. Ana yanka a wuyan yatsa, inda ya fi siriri, kowane yanki da ido biyu. A dangwala bakin yankan a toka, a shanya a inuwa kwana biyu har ya yi fata. Sannan a jera a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu sai idon ya kumbura ya yi fari kamar haƙorin jariri. A dasa idon yana kallon sama, zurfin gaɓar yatsa biyu, a rufe da ɓuntu. Daga nan sai jira. Sati uku, wani lokaci har kwana arba'in, kana yayyafa wa ƙasar da babu komai a kanta. Nan ne yara ke faɗuwa. Hannu ya yi ta ƙaiƙayi, a tona a gani ko tana raye, a karya tsiron. Mariyama ta tona sau ɗaya. Inna ta buge mata hannu da muciya, ta ce, "In ɗa yana cikin mace, buɗewa kike yi ki duba?" Ni ma na tona, amma ban bari an gan ni ba.

Da muka gama shekara biyu a hannunta, ta raba mana iri, ta kafa mana sharaɗi ɗaya. Duk shekara bayan tono, kowace ta ɗauki cikin hannu guda ta kai gidan ɗayar, a dasa mata a can. Ta ce gida ɗaya wuta na iya ci, akuya na iya shiga, ruwa na iya ɗauka, amma da wuya su faɗa wa Gaya da Bana rana ɗaya. Ta sa muka ce mun yarda. Bayan rasuwarta mun riƙe wannan shekaru. In hau kabu-kabu da ƙulli na in je Bana, Mariyama ta zo da nata.

Masu saye iri-iri ne, kuma cittar gida ba ta kowa ba ce. Matan da ke haɗa yajin jego su ne ba sa ciniki, don sun san abin da suke nema. Da azumi kuwa tun la'asar ake layi da buta da jarka. Direbobi suna son wanda zai sa su tari. Amma ma'aunina shi ne Malam Hamani mai shayi a bakin tasha. In na kai masa, ba ya duba ta. Ya ɓalli ɗan yatsa ya tauna yana kallon titi. In ya yi gyaran murya ya shafa ƙirji, to ta yi. Don cittar Inna ba ta gaisawa a harshe. Sai ta wuce maƙogwaro take juyowa ta yi magana. Barkono ne ke cin leɓe da kan harshe nan take. Wanda ya san wannan bambancin ba a yi masa wayo.

A kan wannan ne muka ɓata da Mariyama. Masu sayenta suka yi yawa, cittarta ta kasa, sai ta fara ƙara barkono a lemu-harinta don ya yi ƙarfi. Wata ranar kasuwa aka kawo mini kwalba aka ce daga hannun ɗalibar Inna Bibata ta fito. Na kurɓa, na tashi da kwalbar a hannu har rumfarta. A gaban masu sayenta na ce mata in barkono za ta sayar ta sayar da sunan ubanta, ta bar sunan Inna ya huta a kabari. Maganar gaskiya ce, ban janye ta ba. Wurin da na faɗe ta da ƙarfin muryar ne ba na karewa. Daga ranar ba ta zo da ƙullinta ba, ni ma ban je da nawa ba. Shekara huɗu.

Yanzu maganar sanyi, wadda ita ce ta kawo ku. Baturiyar nan bakin taga ta ajiye tukunyarta don ɗumi take nema mata. Ita sanyinta ya cinye yawancin shekara, dole ta shigar da citta ɗaki. Mu namu wata biyu ne da ɗan kai, amma citta tana jin sa kamar yadda tsoho ke jin sa a gwiwa. Da dare ya fara sanyi sai ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, ya bushe. Wanda bai sani ba zai ce ƙishirwa ce ko ciwo. Ba ko ɗaya. Barci ta shiga. Ta janye ƙarfinta duka ta mayar ƙasa, kuma mai barci ba ya sha. A lokacin ake tono na sayarwa. Na iri kuwa a bar shi cikin ƙasarsa a bushe, a rufe da kara, a jawo daron jikin bangon da ranar safe ke duka. Ba a ba shi ko kofi ɗaya sai zafi ya dawo. Ruwan da ke raya ta da damina, shi ne in ya haɗu da sanyi ya zauna a gindinta ya ruɓar da ita.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da na gama ajin farko. Madam ɗinmu mai koyarwa ta raba mana alli, ni kuwa ba abin da ya tsira daga hannuna. Na rubuta sunana a ƙofa, na rubuta GISHIRI a jikin gwangwanin gishiri kamar wani zai ɗauka sukari ne, har akuya na rubuta wa suna a bangon turkenta. Cikin haka, farkon sanyi, aka kira ni daga Yamai cewa ɗiyata ta haihu da tiyata, in zo maza. Na riga na tone na sayarwa, saura daro goma sha biyu na iri a jikin bango, ganye ya fara kwantawa. Da sassafe kafin in tafi tasha na ɗauki alli na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta a jikin kowane, na kuma rubuta da manyan baƙaƙe a bango: KADA A ZUBA RUWA. Na ja da baya na duba. Babu kuskure ko ɗaya.

Sa'a matar ƙanena ce, gida ɗaya muke, ita na bar wa amana. Tana shara na ce mata, "Sa'a, ga cittata nan. Na rubuta komai a bango, ki bi shi kawai." Ta dubi bangon ta ce, "To, Yaya. Allah ya kiyaye hanya." Na ɗauki jakata na fita.

Sa'a ƴar garin Zabori ce, gidan masu lambu. A wurinsu sanyi shi ne lokacin aiki. Salati, kabeji, albasa, safe da yamma ana kan rijiya, wanda ya yi fashin ban ruwa rana ɗaya ana yi masa kallon malalaci. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Na san haka sarai, da na tsaya na tuna. Ita kuma ba za ta iya duban yayar mijinta da ke ta rawar kai da alli ta ce ba ta iya karatu ba. Ta ga shuka tana bushewa, ta ga an yi rubutu a kanta, ta haɗa biyun da hankalin ƴar lambu. Tun ranar ta fara jido ruwa daga famfo, safe da yamma, daro goma sha biyu. Da ta ga ruwan yana tsiyayewa ta ƙasa yana ɓaci, sai ta sauke darukan daga kan bulo, ta bi hujin da tsumma da laka ta toshe su tsaf. Aiki ta yi mai kyau, irin wanda uwarta za ta yaba.

Sai da aka yi arba'in na dawo. Tun daga zaure na ji warin. Ƙasar darukan ta yi kore a sama kamar bakin randa. Sa'a ta taho da gudu ta karɓi jakata, fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Wallahi ban yi fashi ba ko rana ɗaya. Ganyen ne dai ya ƙi tashi, amma ban gaji ba."

Ban cire mayafi ba na tusa hannu a daron farko. Abin da ya biyo yatsuna kamar dankalin da ya kwana sati a ruwa. Na shimfiɗa tabarma na juye na biyu, na uku, har goma sha biyu, ina bin ƙasar da yatsu ko zan samu ido ɗaya mai tauri. Babu. Sai na buɗe baki. Unguwa duka ta ji ni, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Na ce mata makauniya ce, ga shi a bango ƙato kamar raƙumi. Ta bari na gama. Sannan ta nuna bangon da hannu ta ce, "Yaya, ni wannan zanen ban san abin da ya ce ba. Kuma me za a rubuta a jikin shuka mai bushewa in ba a ba ta ruwa ba?"

Kalma huɗu ce. Da da baki na faɗe su, da ban kai ƙofa ba an gama. Na rufe bakina na je na wanke hannu.

Da zafi ya fara na tsallaka Malanbil na sayo ta kasuwa, na zaɓi mai ido, na yi mata duk abin da Inna ta koya mini. Rabinta ya baƙanta a ƙarƙashin buhu. Sauran na san ko ta tsiro bazara ba za ta bar ta ba. Na haɗa lemu-hari da ita na kai tasha, na kuma kai wa Malam Hamani nasa ƙullin. Ya ɓalla ya tauna, ya kalli titi. Na jira gyaran muryar. Ya juyo ya ce, "Gwaggo Rabi, baƙuwa kika yi a gida?" Na gaya masa. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya karɓa don kunya, amma na ga inda ya ajiye ta, can bayan gwangwanin madara.

Irin Inna ya saura a wuri ɗaya tak a duniya, kuma hadari ya fara leƙowa daga kudu. Cikin sati biyu Mariyama za ta yanka nata ta dasa, daga nan babu iri a hannun kowa sai wata shekara, in ma ta yarda. Sa'a ta ce ita za ta je Bana ta durƙusa, tunda ita ta yi ɓarnar. Na ce mata wadda ta yi rubutu a bango ita za ta je.

Da hantsi na isa. Na tarar da Mariyama a gindin mangwaro, tabarma a shimfiɗe, toka a kasko, wuƙa a hannu. Ashe har ta fara yankan ke nan. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗaga kai ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, yara, zafi, gajiya, kowace tana kallon tabarma. Da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Citta."

"Duka?"

"Duka."

"Na ji labari. An ce yanzu alli kike nomawa, Malama Rabi." Ta ci gaba da yanka. "Zauna mana. Ko sai an rubuta miki a bango?"

Na zauna. Ta shiga ɗaki ta fito da kofi cike da lemu-hari mai sanyi, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Kin sha hanya. Sha ki gaya mini, tunda ke ce harshen Gaya. Akwai barkono ko babu?"

Na ɗauka na kurɓa. Ya ci leɓena kafin ya wuce. Ga irin Inna zube a tabarma, tazarar hannu ɗaya daga gwiwata. Ga ta tsaye a kaina tana jira. Na san amsar da za ta sa in koma gida da ƙulli. Na sake kurɓa ko bakina zai canza shawara, bai canza ba.

Na ce, "Akwai. Kin dai rage."

Na fara neman takalmina da ƙafa. Sai ta fashe da dariya, ta dafa mangwaron. Ta ce, "Kai, Rabi! Allah ya shirye ki. Da kin ce babu, da na ce wata ce ta aro fuskarki. Wannan na direbobi ne, su suke nema da barkonon, kuma yanzu ina gaya musu kafin su saya. Tashi ki biyo ni."

Ta kai ni bayan ɗaki. Darukanta na jere, ɗaya kuma a ware can gefe, an ɗaura masa jan ƙyalle a baki. Ta ce, "Naki ne. Ƙullin ƙarshe da kika kawo. Duk shekara ina tone shi in sake dasa shi a daronsa, ban taɓa sayar da yatsa ɗaya ba. Kada ki yi mini godiya, ba don ke na yi ba. Inna na yi wa alkawari." Sannan ta dube ni ta ce, "Nawa fa da ke wurinki?"

Nata tun shekarar faɗan na juye shi cikin nawa, na ce ai duk citta ce. Ya ruɓe tare da sauran. Na gaya mata haka. Ta ce, "Na sani. So nake in ji daga bakin nan naki mai faɗar gaskiya a kasuwa."

Muka juye daron a tabarma. Da muka yanka, yanki goma sha tara ya fita. Na ƙulle su a gefen zane, na riƙe a cinya har Gaya, ina yi wa mai kabu-kabu faɗa a kan kowane rami. Goma sha shida suka tsiro. Shekarar ban sayar da yatsa ɗaya ba, zoɓo na koma yi, direbobi suna yi mini tsiya. Ta biyu ma kaɗan na taɓa. Sai a ta uku Malam Hamani ya tauna, ya kalli titi, ya yi gyaran murya. Cikin hannun farko da na tono kuwa, kafin in ɗanɗana, Bana ya tafi.

Sa'a da kanta ta ce in koya mata. Wata uku tana ɗaukar ƙasa ina juye mata kwando, ban rage mata ko kwana ɗaya ba. Yau ta fi ni iya yanka, don idona ya fara gajiya. Ta shiga ajin manya ita ma. Ban goge rubutun bangon ba, duk shekara ina bin sa da sabon alli, kuma shi ne abu na farko da ta karanta da kanta a gidan nan. Ta tsaya tana haɗa baƙaƙen ɗaya-ɗaya, da ta kai ƙarshe ta riƙe baki ta ce, "Au! Ashe gajeriyar magana ce."

To Zainabu, ke da ƙawayenki, ga sharaɗina. Iri ba na kasuwa ba ne, kuma ba a gida ɗaya zan zuba muku shi ba. Ku uku ne, gida uku, kowace ta riƙe wa ƴar'uwarta daro, ko kun yi faɗa ko ba ku yi ba. Kafin nan ku zo ku ɗauki ƙasa. Sannan in sanyi ya shigo ku riƙa zuwa kullum da safe ku tsaya a gaban darukan nan, ku ga ganye yana mutuwa, ruwa yana randa kusa da ku, hannunku a baya. Wadda ta kai ƙarshen sanyi ba ta taɓa gwangwani ba, ita zan fara ƙulla wa.

In kun zo za ku ga Sa'a. Tana da ɗan lambun salati a bayan gida, kuma hanyarta daga famfo ta gaban darukana take bi. Duk safiyar sanyi sai ta tsaya a nan da bokiti a ka, ta karkata shi kaɗan, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ƴaƴan nan naki sun bushe. In ɗan jiƙa su?"

Na san wasa take yi. Shekara nawa ke nan tana yi. Amma ko ina kan sallaya ne, da na sallame sai na leƙo na faɗa mata da baki, da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji: "Sa'a, kada ki zuba ruwa."